Daga "Wai" Zuwa "Tabbas": Tarken Ƙa'idar Daidaito a Nazarin Zamantakewar Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tsara manhaja ya san tambayar da kan taso da zarar an zo zaɓen matanin karatu da ya shafi lafiya ko noma ko yanayi. Tambayar ita ce: da wace murya za a gabatar wa ɗalibi abin da likita ya faɗa, da wace murya kuma za a gabatar masa da abin da ya ji daga bakin kakarsa? Wasu kan ce a rubuta na farko a matsayin ilimi, na biyu a matsayin camfi. Wasu kuwa, musamman waɗanda suka ɗan leƙa rubuce-rubucen masana zamantakewa na Turai, kan ce duka biyun ilimi ne, kowanne da al'ummar da ta gina shi, don haka babu mai ikon fifita ɗaya a kan ɗaya. Masu wannan magana ta biyu sukan jingina ta ga wata mazhaba ta nazarin kimiyya wadda ta bunƙasa a Birtaniya da Faransa daga shekarun 1970, wadda ginshiƙinta shi ne abin da za mu kira "ƙa'idar daidaito".

Wannan takarda za ta yi tarken ƙa'idar ta fuskar ilimin ma'ana. Matsayinta shi ne, ƙa'idar daidaito hanya ce ta bincike mai amfani ƙwarai, amma hanya ce kawai. Idan aka ɗauke ta daga hannun manazarci aka mayar da ita hukunci a kan gaskiya da ƙarya, to an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba, kuma ɗalibi ne zai kwana a ciki.

2.0 Asalin Muhawarar

Masana zamantakewa na farko da suka nazarci ilimi sun yi wa kimiyya shinge. Karl Mannheim, a littafinsa na 1929, ya yarda cewa matsayin mutum a cikin al'umma yana shafar ra'ayinsa na siyasa da tarihi, amma ya keɓe lissafi da kimiyyar halitta. Robert Merton na Amurka ya nazarci ɗabi'un masana kimiyya da yadda ake ba su lada, bai taɓa abin da suke ganowa ba. Rabon aikin a wancan lokaci shi ne: idan masani ya yi daidai, hujja ce ta kai shi, idan ya yi kuskure, sai a kira masanin zamantakewa ya bayyana son zuciya ko siyasar da ta karkatar da shi.

Thomas Kuhn ne ya fara girgiza wannan shinge a 1962, da ya nuna cewa masana kan yi aiki a cikin wani tafarki da suka gada daga malamansu, tafarkin da ke gaya musu tambayar da ta cancanci yi da amsar da za a karɓa. (Abin lura ga mai nazarin harshe: Margaret Masterman ta ƙirga ma'anoni 21 da Kuhn ya yi amfani da kalmar tasa ta "tafarki" da su a littafi guda. Tun daga tushe ke nan muhawarar take fama da kalmomi masu santsi.) Daga nan sai David Bloor da Barry Barnes na Jami'ar Edinbara suka rushe shingen gaba ɗaya. A 1976 Bloor ya shimfiɗa sharuɗɗa huɗu na nazarin ilimi, amma ɗaya ne ya tayar da ƙura, wato cewa irin dalilan da za a kawo don bayyana yadda mutane suka yarda da abin da ya zama ƙarya, su ne za a kawo don bayyana yadda suka yarda da abin da ya zama gaskiya. Manazarci ba zai ce "sun yarda da shi ne domin gaskiya ne" ba, saboda a lokacin da ake jayayyar babu wanda ya san ɓangaren da zai yi rinjaye. Daidaiton ke nan.

3.0 Abin da Ƙa'idar ta Buɗe

Adalci ne a fara da ribar da aka samu, domin tana da yawa. Steven Shapin da Simon Schaffer, a littafinsu na 1985, sun koma Ingila ta shekarun 1660 inda Robert Boyle da Thomas Hobbes suka yi jayayya a kan famfon zuƙe iska. Littattafan makaranta kan nuna cewa Boyle ya yi gwaji, kowa ya gani, magana ta ƙare. Bahaushe ma ya ce gani ya kori ji. To amma mutum nawa ne suka gani? Famfunan da ke akwai a duk Turai a lokacin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, suna da tsada, kuma suna yoyo. Abin da Boyle ya yi shi ne ya tara shaidu masu mutunci a idon jama'a, ya rubuta sunayensu, ya kuma bayyana gwajin dalla-dalla har da wanda bai yi nasara ba, yadda mai karatu zai ji kamar yana wurin. Shi da kansa ya kwatanta lamarin da yadda alƙali ke karɓar shaida a kotu. Hobbes kuwa ya ƙi yarda cewa shaidar 'yan wata ƙungiya a ɗaki rufaffe za ta iya zama tushen tabbataccen ilimi. Ashe mafi yawan abin da muke kira "gani" a kimiyya ji ne daga wanda aka amince da shi, kuma amana aba ce da al'umma ke ginawa. Wanda ya fara nazari da cewa Boyle ne mai gaskiya ba zai taɓa lura da wannan ba.

Aikin da ya fi kusa da fagenmu shi ne na Bruno Latour da Steve Woolgar na 1979. Latour ya shafe kusan shekara biyu, daga 1975 zuwa 1977, a ɗakin gwaje-gwajen Roger Guillemin da ke Cibiyar Salk a Amurka, yana kallon masana kamar yadda mai nazarin al'ada ke kallon mutanen wani ƙauye. Abin da ya gani shi ne mutane masu sarrafa jimloli. Marubutan sun kasa jimlolin gida biyar, daga hasashen da ake yi a hira, zuwa iƙirarin da aka danganta ga mai shi, har zuwa maganar da ta zauna daram a littafin koyarwa, da wadda ta zama sananniya har ba a ma faɗarta. Aikin ɗakin gwaji, a ganinsu, shi ne ciyar da jimla daga wannan mataki zuwa na gaba ta hanyar cire mata kalmomin nisanta kai.

Hausa tana da kayan aikin da ke fito da wannan fili fiye da Ingilishi. A duba waɗannan jimloli:

(a) Wai sauro ne ke kawo zazzaɓin nan.
(b) Likita ya ce sauro ne ke kawo zazzaɓin nan.
(c) Sauro ne ke kawo zazzaɓin nan.
(d) Yaron yana da zazzaɓin cizon sauro.

A (a) mai magana ya tsame hannunsa. A (b) ya jingina maganar ga wani, nauyinta yana wuyan likita. A (c) ya ɗauki nauyin da kansa. A (d) kuwa maganar ta shige cikin suna, ba a ma ganin ta a matsayin iƙirarin da za a iya musantawa. Tafiyar nan daga (a) zuwa (d) ta ɗauki shekaru a tarihi. Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jini a Aljeriya a 1880, Ronald Ross ya gan ta a cikin cikin sauro a Indiya a 1897, kuma a tsakanin nan da bayansa an yi ta jayayya. To, ƙa'idar daidaito ba komai ba ce illa umurni ga manazarci da ya mayar da "wai" a gaban kowace jimla, ta ɓangaren da ya yi rinjaye da ta wanda aka kayar, domin ya ga yadda aka yi ta faɗi daga ɗaya ta maƙale a ɗayar. A matsayin dabarar bincike, babu abin zargi a nan.

4.0 Inda Ƙa'idar ta Gaza

Matsala ta farko tana cikin kalmar "ilimi" kanta. Bloor ya bayyana tun farko cewa abin da yake nufi da ilimi shi ne duk abin da wata al'umma ta ɗauka a matsayin ilimi. Yana da 'yancin ba kalma ma'anar da yake so a cikin littafinsa, amma ba ita ce ma'anarta a bakin mutane ba. Aikatau "sani" yana ɗauke da tabbacin mai magana. Idan aka ce "Audu ya san gada ta karye", mai maganar ya yarda cewa gadar ta karye. Idan bai yarda ba, sai ya ce "Audu yana zaton gada ta karye". Ba a cewa "Audu ya san gada ta karye, amma ba ta karye ba" sai da gatse. Saboda haka jimlar nan "kowace al'umma tana gina iliminta" tana da fuska biyu. Da ma'anar Bloor, gaskiya ce wadda ba ta da wani abin mamaki: kowace al'umma tana da abin da ta yarda da shi. Da ma'anar yau da kullum kuwa, tana nufin kowace al'umma tana gina abin da yake gaskiya, kuma wannan magana ce mai nauyi da babu wanda ya kawo mata hujja. Yawancin masu ɗauko ra'in zuwa fagen ilimi kan kare fuska ta farko idan an matsa musu, su koma ta biyu idan an saki.

Latour da kansa ya zame a kan wannan santsi. A 1976 an kai gawar Fir'auna Ramsis na Biyu birnin Paris don bincike, aka kuma ruwaito cewa tarin fuka ne ya kashe shi. A wata maƙala ta 1998 Latour ya yi tambaya: ta yaya mutum zai mutu da ƙwayar cutar da sai a 1882 Robert Koch ya gano ta? Ya kwatanta hakan da cewa bindiga mai sarrafa kanta ce ta kashe Fir'auna. Kuskuren a fili yake ga ɗalibin ilimin ma'ana na shekarar farko, domin an haɗa suna da abin da sunan ke nuni gare shi. Bindiga ƙera ta aka yi, kafin a ƙera ta babu ita. Ƙwayar cuta kuwa suna aka raɗa mata a 1882, kuma jariri yana nan kafin ranar suna. Ian Hacking ya warware wannan a littafinsa na 1999, inda ya nemi duk mai cewa "an gina" abu da ya fayyace ko abin ne aka gina ko tunanin mutane game da shi. Ya kamata a ambata cewa Bloor bai bi Latour zuwa nan ba, har ma ya rubuta masa raddi mai zafi a 1999. Mazhabar ba baki ɗaya take magana ba.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma misalin da ya fi fito da ita shi ne na Harry Collins, wanda a ganina ya fi kowa ƙwazo a cikinsu. A 1916 Einstein ya yi hasashen wata irin girgiza da ke ratsa sararin samaniya kamar igiyar ruwa idan manyan taurari suka motsa da ƙarfi. A 1969 Joseph Weber na Jami'ar Maryland ya ce ya kama wannan girgiza da wani dunƙulen alminiyon mai nauyin fiye da tan ɗaya. Wasu suka ƙera irin na'urarsa, ba su ga komai ba. Collins ya nuna cewa a nan an shiga wani zagaye: ba za a san na'ura mai kyau ba sai ta ba da amsa daidai, ba kuma za a san amsa daidai ba sai an sami na'ura mai kyau. Weber zai ce na'urorinsu ne ba su da inganci, su kuma su ce tasa ce ke ruɗinsa. Tunda gwaji kaɗai ba zai yanke zagayen ba, in ji Collins, abin da ya yanke shi zuwa 1975 shi ne suna da martaba da kaifin bakin masu suka, musamman Richard Garwin.

Allan Franklin, masanin fiziks kuma masanin tarihin kimiyya, ya mayar da martani a 1994 da abubuwan da ke cikin takardun kansu. An sami kuskure a manhajar kwamfutar da Weber ke tace bayanai da ita. An kuma gano cewa ya ba da rahoton dacewar sigina tsakanin na'urarsa da ta wasu masana, alhali agogunan wuraren biyu sun bambanta da awa huɗu, wato ya ga dacewa a inda ba za ta yiwu ba. Bugu da ƙari, yawan girgizar da ya ce yana kamawa ya fi ƙarfin abin da lissafin taurari zai iya ɗauka. Collins ya amsa cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa shi kaɗai ya rufe magana, kuma yana da gaskiya. Sai dai alƙali ma ba ya jiran shaida guda da za ta rufe shari'a. Yakan tara ne ya auna. Cewa mutane ne suka yi awon, a taro da wasiƙu da mujallu, bai mayar da sakamakon ya zama ra'ayin masu ƙarfi ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙara haske. A ranar 14 ga Satumba 2015 na'urori biyu na shirin LIGO a Amurka, masu nisan kusan kilomita 3,000 a tsakaninsu, suka kama girgizar, aka kuma sanar a Fabrairu 2016 bayan watanni biyar ana bincike. Wannan bai wanke Weber ba, domin abin da aka kama ya yi ƙanƙantar da na'urarsa ba za ta taɓa jin sa ba. Abin sha'awa shi ne tsarin da masanan suka yi wa kansu. A 2010 wasu 'yan ƙalilan daga cikinsu sun cusa siginar bogi a asirce, sauran suka yi watanni suna nazarinta har suka rubuta rahoto, sannan aka buɗe musu ambulan a 2011. Wannan tsari ne na zamantakewa tsantsa, amma an gina shi ne domin a kama kuskure. A nan ne ƙa'idar daidaito ta makance: ta ga cewa kowane imani yana da al'umma a bayansa, ta kasa bambanta al'ummar da ta tanadi hanyar ƙaryata kanta da wadda ba ta tanada ba.

Rikicin da aka fi yayatawa, wato na Alan Sokal, bai cancanci dogon bayani ba. A 1996 wannan masanin fiziks ya aika wa mujallar Social Text maƙalar da ya cika da shirme da gangan, aka buga, sannan ya tona asiri. Ya nuna sakacin editocin mujalla guda ta nazarin al'adu, wadda a lokacin ba ta aika maƙaloli ga masu tantancewa. Bai taɓa hujjojin Shapin ko Collins ba. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne juyawar da ta faru a cikin gida. A 2002 Collins da Robert Evans suka yi kira da a koma nazarin ƙwarewa, a san wanda ya cancanci a saurara a kan wace magana. A 2004 Latour ya rubuta cewa yana fargabar ganin masu musanta ɗumamar yanayi suna amfani da makaman da shi da abokansa suka ƙera.

5.0 Shan-inna da Darasin Aji

Muna da namu misalin a gida. Daga 2003 zuwa Yulin 2004 an dakatar da rigakafin shan-inna a Jihar Kano bisa zargin cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne a ce jahilci ne. Manazarta irin su Maryam Yahya a 2007 da Elisha Renne a 2010 sun ƙi wannan sauƙi, suka tambayi masu ƙi da masu karɓa tambaya iri ɗaya: da wa ka amince, kuma don me? Sai ga dalilai sun fito. Mutane ba su manta da gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka rasu, aka kuma yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata. Suna kuma tambaya: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali idan yaro ya kamu da ƙyanda ko zazzaɓi sai mun sayi magani? Uban da ya karɓi ɗigon ma bai taɓa ganin ƙwayar cutar da idonsa ba, amana ya bi kamar yadda maƙwabcinsa ya bi wata amanar. Wannan fahimta ita ce ribar daidaito, kuma ta dace da yadda aka warware rikicin, wato da shigo da sarakuna da malamai, da sake gwajin maganin, da sayo shi daga Indonesiya.

Amma daidaiton ya tsaya ne a kan dalilan yarda. Bai kai ga ƙafar yaro ba. A tsakanin 2003 da 2006 cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Da rigakafin ya kankama, aka ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Nijeriya a Borno a 2016, kuma a Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da wannan nau'i. Matanin karatun da zai sa "wai" a gaban maganar likita da ta mai jita-jita daidai wa daida, ya bar ɗalibi a nan, ya ci amanarsa. Haka ma wanda zai kira kakarsa jahila, domin yaron zai rufe littafin ya bi kakar.

Abin da ya fi dacewa da darasin harshe shi ne a koya wa ɗalibi bin sawun jimla. A ba shi matani a kan zazzaɓin cizon sauro ko shan-inna wanda ya nuna lokacin da maganar take da "wai", da wanda ya yi musu, da gwajin da aka yi, da abin da da an gani da an janye maganar. Sannan a ba shi wasu jimloli daga rediyo ko kasuwa ko wayar hannu, ya jera su bisa matakan (a) zuwa (d), ya faɗi abin da ake bukata kafin kowace ta hau mataki na gaba. Ilimin gargajiya ma ta wannan ƙofa zai shiga. Tazargade, wanda dangin tsiron da Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro maganin zazzaɓi daga cikinsa ne a farkon shekarun 1970, har ta sami kyautar Nobel a 2015, misali ne mai kyau na tambayar da ɗalibi zai yi: wane tsiro, wane sashe nasa, nawa za a sha, an gwada a kan mutum nawa?

Saura batun suna. An sha ba da shawarar a daina rubuta "shan-inna" a littattafan makaranta, tunda kalmar tana ɗauke da bayanin cewa Inna, wato iska, ita ce ta shanye ƙafar, a maye gurbinta da "foliyo". Ban ga dalilin haka ba. Sunan da Turawa ke kiran zazzaɓin cizon sauro da shi daga Italiyanci yake, ma'anarsa "mummunar iska", kuma likitocinsu ba su canza shi ba bayan binciken Ross. A bar "shan-inna" a matanin, a sa ɗalibai su fasa kalmar gida biyu, su faɗi bayanin da ke kwance a cikinta, sannan malami ya kawo tarihin yadda Karl Landsteiner da Erwin Popper suka nuna a birnin Viyana a 1908 cewa ƙwayar cuta ce da ake iya ɗauka daga jikin mutum a sa wa biri.